Ƙofar da Ba Ta Tambayar Suna

Takardar ta isa teburin shugabar makaranta cikin ambulan marar suna, kuma kafin a tashi yara an karɓe makullin bas daga hannun direban da ke kai su gida. Sakamakon awon jininsa ne, da rubutun likita a ƙasa: ciwon suga ya yi masa yawa, ya taɓa suma a kan sitiyari, an shawarce shi ya dakata da tuƙi. Magana ce ta tsakanin majinyaci da likitansa, sai ga ta a hannun iyayen gidansa.

Asibitin da aka yi awon ƙarami ne, kowa ya san takun kowa, don haka ba a daɗe ana neman mai laifi ba. An duba saba, wato babbar kwamfutar da shafin asibitin ke zaune a cikinta, aka ga da akawun ɗin mai awon jini, wato sunan da take shiga shafin da shi, aka buɗe fayil ɗin direban aka buga shi. Nan take aka tuna sun yi cacar baki ranar da ta ɗibi jininsa. Aka kuma tuna 'yarta tana cikin yaran da ke shiga bas ɗin. Daga nan har masu shara suka daina gaishe ta.

Ni aikina bin sawu ne a cikin na'ura. Idan shafi ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe wa wanda bai kamata ba, ni ake kira, shi ya sa sunan Bin-Sawu ya bi ni har ya danne nawa. Likita mai asibitin ya tare ni a ofishinsa, bai ko ce in zauna ba.

"Ba wani dogon aiki ba ne," in ji shi. "Surukina ya riga ya duba, shi ke kula mana da saba. Ki tabbatar kawai ki sa hannu. Jiya na ba hukumar lasisi sunanta, yau suke jiran tabbaci kafin a tashi aiki. In ban yi haka ba direban nan kotu zai kai ni."

"Idan ka tabbatar musu fa?"

"Su ƙwace lasisinta. Ba za ta ƙara taɓa kwalbar jini a ko'ina ba."

Ba na son a kira ni aiki an riga an rubuta min amsa. Na ce masa hannuna yana da nauyi, sai na ga abin da zan ɗora shi a kai tukuna.

*

Na sami mai awon a ɗakin hutun ma'aikata, an raba ta da farar rigarta, idanunta sun kumbura. A gefenta Sista ce zaune, babbar nas ɗin asibitin, dattijuwa da furfura ta leƙo ta ƙasan hularta, tana riƙe da hannunta. Tun a bakin ƙofa mai kantin magani ta raɗa min cewa direban ƙanin Sista ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta raine shi, amma ko kallon banza ba ta yi wa mai awon ba. Asibitin duk ana ta yaba haƙurinta.

"Kin yi faɗa da shi?" na tambayi mai awo.

"Na yi. An ce ya zo bai ci komai ba, ya cika cikinsa ya zo yana rantse min ko ruwa bai sha ba. Na ce mai irin wannan taurin kan bai kamata a ba shi 'ya'yan mutane ba. Na faɗa, a gaban jama'a, ba zan musa ba. Amma wallahi ban fitar da takardarsa ba."

"Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Ko mijina bai sani ba."

Kowa haka yake cewa, rabinsu kuma in ka ɗaga kibod ɗin kwamfutarsu za ka same ta a manne. Sai na canza hanya. "Shafin yana ba ki wahala wajen shiga?"

Ta yi min kallon ana maganar rai kina maganar shafi, amma ta amsa. "Da can, a tsohon ɗakin awo. Ina cikin aiki sai ya koro ni waje, ya ce in sake sa suna. Ga safar hannu duk jini, sai na cire, na wanke hannu, na shiga, kafin in juya ya sake koro ni. Na yi ta ƙorafi har Injiniya, surukin Likita, ya gyara. Daga ranar bai ƙara tambayata komai ba, ina kunna kwamfuta sai in gan ni a ciki."

"Yanzu fa?"

"Tun da muka koma sabon ɗaki aka ba ni sabuwar kwamfuta, kullum sai na sa suna."

"Tsohuwar tana ina?"

"Tana can inda na bar ta. An mai da ɗakin sito."

Sista ta saki hannunta ta miƙe. "Bari in kawo miki ruwa, 'yar nan, bakinki duk ya bushe." Ta fita ba ta dube ni ba.

*

Injiniya, ƙanin matar Likita, mutum ne mai fara'a da tarin makullai a ƙugu, tun daga nesa ake jin zuwansa. Sabar tana cikin wani lungu bayan kantin magani, wata tsohuwar fanka tana mata fifita. Duk wanda ya shiga shafin, saba takan rubuta sawunsa: wane ne, daga ina, me ya buɗe. Injiniya ya buɗe min sawun da kansa, ya sa yatsa a kan layin. Sunan mai awo, fayil ɗin direba, umarnin bugawa. Babu kuskuren kalmar sirri, babu alamar an ɓalle ƙofa.

"Kin gani ko, Malama? Na'ura ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, amma abin da aka koya mata take faɗa. Matsa min."

Na buɗe fayil ɗin saiti, inda ake rubuta wa saba dokokinta: wa zai shiga, ta ina, da wace shaida. Tsaf yake, kamar ɗakin da aka share don baƙo. Tsaftar ce ta dame ni, don sauran fayilolin sun daɗe ba a taɓa su ba, shi kuwa jiya aka gyara shi. Masu irin aikinmu muna da wata ɗabi'a: kafin mutum ya taɓa fayil sai ya ajiye kwafinsa a gefe don gudun ɓarna, daga nan kuma ya manta da shi. Na leƙa gefen, ga shi nan kuwa.

Na jera su biyun a fuskar kwamfuta. Akwai wasu 'yan layuka a tsohon da babu su a sabon. Ma'anarsu a taƙaice ita ce, duk wanda ya zo daga adireshin kwamfutar tsohon ɗakin awo, kada a tambaye shi suna ko kalmar sirri, a ɗauka mai awo ce.

Makullan Injiniya suka daina ƙara.

"Wannan ne gyaran da ka yi mata?"

"Malama, matar nan ta hana ni sakat. Na nemi dalilin da yake koro ta na rasa. Na ce bari in sa wannan na kwana biyu, kafin in gano bakin zaren."

"Sai kwana biyun suka yi jikoki. Garin neman gira ka rasa ido. To jiya kuma me ya kai ka gogewa?"

"Tsorata na yi. In Likita ya ji, yayata ce za ta sha magana a gida."

"Sai ka gwammace a ƙwace wa baiwar Allah lasisi."

A lokacin na so ƙwarai ya zama Injiniya ne ya fitar da takardar, don ya ba ni haushi, kuma sau da yawa mai goge sawu shi ya yi tafiyar. Amma mutumin da ke riƙe da makullin saba gaba ɗaya ba ya buƙatar ya je sito ya zauna gaban tsohuwar kwamfuta, kuma da na bincika ko fuskar direban bai sani ba.

"Mayar da layukan yadda suke," na ce. "Su wa ke da makullin siton?"

"Ni, da Likita, da Sista. Ita ma mai awon ba ta mayar da nata ba."

*

Siton yana warin auduga da maganin wanke rauni. Kwalayen sirinji sun kusa taɓa rufi. A kusurwa, bayan wani karyayyen keken marasa lafiya, ga kwamfutar da 'yar firintarta, an lulluɓe su da tsohon labule. Datti ya rufe teburin, amma kujerar an goge ta. Na kunna, na buɗe shafin asibitin. Ko "wace ce" bai ce min ba. Ya baje min fayilolin majinyata, kuma babu inda ya nuna da sunan wa na shiga.

To, tsagar bango ta samu, saura ƙadangaren. Ina fitowa na ci karo da Likita a baranda, yana duba agogo.

"Kai ka rubuta a dakatar da direban daga tuƙi, ya ƙi ji," na ce. "Ba ka taɓa jin kamar ka sanar da makarantar ba?"

Ya tsaya cak. "Ni kike tuhuma? A asibitina?"

"Kana da makullin sito."

"Na ji kamar in yi, ba sau ɗaya ba. Amma da zan yi, da sunana zan yi, a kan takardar asibiti, doka ta ba ni hanyar. Me zai kai ni ambulan marar suna?" Ya sake duba agogon. "Rana ta karkata, Bin-Sawu. Ko da hannunki ko babu zan kira su."

Maganarsa ta zauna min, ko da yake ban so ba. Abin da na samu kuma bai wanke mai awo ba, tunda ita ma tana da makulli, ga kuma dalili. Ɗaki kawai na canza wa laifin.

Na koma wa sabar. Injiniya layin da aka buɗe fayil ya nuna min, ni kuwa abin da ya gabace shi nake so, don mai bin sawu ba ya tsayawa inda aka ɗauki kaya, baya yake komawa ya ga yadda aka taho. Shafin yana da hanya biyu ta neman majinyaci: ko lambar katinsa, ko sunansa da ranar haihuwarsa. Na bi aikin mai awo na watanni, ban ga inda ta taɓa neman mutum da suna ba, lambar da ke jikin kwalba take kwafewa. Wanda ya zauna a sito kuwa suna ya rubuta, kuma sau biyu ya nema. Na farko shafin ya ce babu mai wannan bayanin. Na biyu ya buɗe. Suna ɗaya, rana ɗaya, wata ɗaya. Shekarar ce ta bambanta, ta farkon ta girmi ta biyun.

Na daɗe ina kallon layin nan, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Na ce wa Injiniya ya gaya wa Likita ya tara mutanensa, har da direban.

*

Ofishin ya yi mana kaɗan. Likita yana bayan tebur, wayarsa a gabansa. Injiniya ya lafe a jikin bango. Mai awo da Sista suna kan doguwar kujera. Direban, ƙato mai furfura a gemu, ya ƙi zama.

"Ni ba dogon turanci na zo ji ba," ya ce. "An tona min asiri, an raba ni da aikina. A hukunta ta, shi ke nan."

Na yi bayanin layukan da kwamfutar sito a taƙaice. Likita ya juya ya yi wa surukinsa kallon da za a ƙarasa a gida, sannan ya faɗi abin da na san zai faɗa. "Mai awon ma ai tana da makullin."

"Tana da shi." Na juya ga direban. "Malam, wace shekara aka haife ka?"

Ya faɗa ba tare da tunani ba. Ita ce ta jikin katin asibiti.

"Wannan ta takarda ce. Ta gida nake tambaya."

Ya haɗe rai. "Me ya kawo wannan maganar?"

"Ba ruwana da makarantarku, ba kuma a kanka aka fara rage shekaru don neman aiki ba." Na rubuta shekarar farkon a tafin hannuna na nuna masa. "Ita ce?"

Ya duba, ya ƙara dubawa. Muryarsa ta sauka. "Wa ya gaya miki? Ko matata ba ta san wannan ba."

"Wanda ya buga takardarka ita ya fara rubutawa. Hannunsa ya riga tunaninsa, ya sa shekarar da ya sani, sai da shafin ya ƙi sannan ya tuna da ta takarda. Mai awo da lambar jikin kwalba kawai take nemanka. Likita da Injiniya abin da ke kati suka sani. Saura wanda yake gida ranar da aka haife ka."

Can sai Sista ta zare hannunta daga na mai awo, ta ɗora a kan cinyarta.

"Ni aka aika in kira ungozoma," ta ce a hankali. "Ta yaya zan manta shekarar?"

"Yaya," in ji direban.

"Sau nawa na roƙe ka? Har gidanka na je na durƙusa maka, ni da na goya ka. Ka ce min suman sau ɗaya ne, ba zai sake ba. Kullum da safe in bas ɗin nan ta wuce ta gaban asibiti, yara sun leƙo da kawunansu ta taga, sai in ga kamar ba za su dawo ba. Na ce gara ka rasa aiki kana zagina, da ka kwashi 'ya'yan mutane ka faɗa rami da su." Ta juya ga mai awo. "Wata rana na shiga ɗauko auduga na kunna ta, na ga ba ta tambayar suna. Na ɗauka tunda ba ta tambaya ba, ba za ta rubuta sunan kowa ba. Wallahi ban san naki take rubutawa ba."

"Ranar ba ki sani ba," in ji mai awo. "Da aka cire min riga fa? Kina riƙe da hannuna, Sista. Kina ce min in yi haƙuri, gaskiya za ta yi halinta."



Direban ya lalubi kujera ya zauna. "Na janye," ya ce. "Babu kotu, babu komai. Maganar gida ce, a bar ta a nan."

Na ga fuskar Likita ta washe, ta Injiniya ma. Ai dole. In magana ta mutu a ɗakin nan, ba mai jin cewa fayilolin majinyata sun daɗe a buɗe a cikin sito.

"Madalla," in ji Likita. "Ki koma bakin aikinki gobe. Zan ce wa hukuma an bincika an sasanta. Allah ya rufa asirin kowa."

"An sasanta," mai awo ta maimaita. "Wato na yi, an yafe min. Sunana yana wajen hukuma, shugabar makaranta ta sani, iyayen yara sun sani. Jiya an ce wa 'yata uwarta mai tona asirin marasa lafiya ce. Wa zai ƙara miƙo min hannunsa in ɗibi jini? Asirin kowa zai rufu, Likita, amma da sunana za a rufe shi."

Likita ya dube ni. "Bin-Sawu, ba sai kin rubuta komai ba."

"Abin da na gani zan rubuta, har da layukan surukinka. Amma sawu kawai na iya nunawa. Su ce shekara ba shaida ba ce, su bar maganar a rataye, sunanta kuma yana nan inda ka kai shi."

Ban kalli Sista ba da na faɗi haka, amma kowa ya san da wa nake. Har ga Allah tausayinta nake ji, don da 'yata ce a cikin bas ɗin nan ban san me zan yi ba. Sai dai matar da ke kusa da ita ba ta yi komai ba, banda ƙorafin safar hannu.

Sista ta miƙe. Ta gyara zaman farar rigarta, ta cire ɗan agogon da ke maƙale a ƙirjinta ta ajiye a kan tebur, ta jawo wayar Likita.

"Yaya, saura kaɗan ki yi ritaya," in ji direban. "Lasisinki za su ƙwace. Don Allah ki bari."

"Danna min lambar hukumar, Likita. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Likita ya danna, ya ƙara sautin yadda duk za mu ji. Wayar ta yi ta ƙara har muka fara zaton an tashi. Sai wata mata ta ɗauka, muryarta a gajiye, ta ce ofishin ladabtarwa ne, wa ke magana?

Sista ta dafa tebur da hannu biyu. Ta faɗi sunanta, da na mahaifinta, da lambar lasisinta, sannan ta ce wa matar ta ɗauko biro, akwai sunan da aka ba su jiya da za a soke, a rubuta wannan a gurbinsa.